Taƙawa a falsafar Girkawan dā

Girkawan dā suna da kalmomi biyu na abin da za mu kira taƙawa: eusebeia, wato girmama alloli da iyaye da matattu, da hosion, abin da alloli suka halatta. Taƙawarsu ta fi karkata ga aiki: yanka, zuba ruwan inabi a ƙasa don alloli, halartar bukukuwan birni, binne mamaci yadda ya dace. Ba su da saukakken littafi, al'adar kakanni ce ma'auni, kuma wanda ya saɓa mata na iya fuskantar shari'a. Haka aka yi wa masanin falsafa Sokratis a Atina a shekara ta 399 kafin Miladiyya, inda aka tuhume shi da ƙin allolin birni, kawo sababbi da lalata matasa, aka yanke masa hukuncin shan guba.

Almajirinsa Aflatun ya tattauna batun a littafin Yutifiro. A ƙofar kotu Sokratis ya haɗu da Yutifiro, wanda ya zo kai ƙarar mahaifinsa. Wani ɗan ƙodagonsu a tsibirin Naksos ya kashe bawan gidan cikin maye, uban ya ɗaure shi hannu da ƙafa ya jefa shi a rami, ya aika Atina neman fatawa. Kafin ɗan aike ya dawo, yunwa da sanyi sun kashe mutumin. Dangi na ganin ɗa ya kai ubansa ƙara rashin taƙawa ne, shi ko ya ce ita ce taƙawar.

To mece ce taƙawa? Yutifiro ya ce abin da alloli ke so. Sokratis ya tuna masa cewa allolin nan ba sa shan inuwa ɗaya. Da Yutifiro ya gyara ya ce abin da dukkansu ke so, sai tambayar da ta shahara ta fito: alloli na son abu ne don yana da kyau, ko son nasu ne ya mai da shi mai kyau? Irin wannan muhawara ta taso tsakanin Mu'utazilawa da Ash'ariyyawa, ɓangarori biyu na malaman tauhidi a Musulunci, kan ko hankali na iya gane kyau da muni ba tare da wahayi ba.

Daga baya Yutifiro ya ce taƙawa sanin yanka da addu'a ce. Sokratis ya ce ashe ciniki ke nan tsakanin mutane da alloli. Magana ta koma inda ta faro, Yutifiro ya ce sauri yake yi, ya tafi.