Bankin da aka ceto da kuɗin haraji, wa ke da ikon yanka albashi da bonas a cikinsa?

Ƙasar Ireland ce misalin da ya fi fito da wannan magana fili. A ƙarshen Satumban 2008 gwamnati ta tsaya wa bankunan ƙasar lamuni bayan sun zuba bashi ba kai ba gindi a harkar gine-gine, kafin a ankara kuɗin da aka ɗura musu ya kai wajen yuro biliyan 64, bankin AIB, ɗaya daga manyan bankunan ƙasar, shi kaɗai ya lanƙwame fiye da biliyan 20, har sai da sama da kashi 99 na hannun jarinsa ya koma hannun gwamnati. To tunda kuɗin talakawa ne ke riƙe da bankin, sai gwamnati ta ce ita ma tana da bakin magana kan albashi.

Sharaɗi na farko mai sauƙi ne, tun 2009 aka ƙayyade cewa ba wani shugaba a bankunan da aka ceto da albashinsa zai wuce yuro 500,000 a shekara. Wannan kam mutum nawa ya shafa, 'yan tsiraru ne a sama.

Inda aka yi rigima shi ne bonas. A Disamban 2010 magana ta fito cewa AIB zai raba wa ma'aikata kusan yuro miliyan 40 na bonas ɗin aikin 2008, wato shekarar da komai ya rushe. Bankin ya ce ba yadda zai yi, haƙƙi ne da ke cikin kwantiragin aiki, kuma har wani ma'aikaci ya riga ya kai shi kotu a kai. Ministan kuɗi na lokacin, Brian Lenihan, sai ya rubuta musu wasiƙa cewa in aka biya to kada su sa ran ƙarin tallafi, nan take aka fasa. Ka lura fa, bai ce ma'aikatan ba su da haƙƙi ba, igiyar kuɗin kawai ya ja.

Daga nan aka shigar da abin cikin dokar haraji a 2011. Ma'aikacin bankin da aka ceto in bonas ɗinsa ya haura yuro 20,000, ana ɗora masa haraji na musamman kashi 45, sannan ga harajin albashi na yau da kullum ga kuɗin inshorar ma'aikata, in ka tara sai ya kama kashi 90 a lokacin, daga baya ya koma 89. Kuma a kan kuɗin gaba ɗaya ake cira, ba iya rarar da ta ɗara 20,000 ba. A ba ka yuro 30,000 a takarda, abin da zai shiga aljihunka bai wuce 3,300 ba. Dokar harajin ba ta ce haramun ne ba, ta dai mai da shi wahalar banza. Ƙananan bonas ɗin ma sharuɗɗan tallafin suka toshe su.

Nan ne ni nake ganin an haɗa mai laifi da marar laifi. Kashiyar da ke zaune a kantar banki tana ƙirga kuɗi tana shan zagin kwastomomi ba ita ta sa hannu a bashin miliyoyi ba, amma ita ma ta rasa ɗan abin da take samu ƙarshen shekara, ga kuma rage ma'aikata, don a 2012 AIB ya sanar zai rage wajen mutum 2,500. Da yawa daga manyan da suka jawo abin kuwa sun riga sun kama gabansu da fanshonsu.

Yajin aiki fa? Ceton banki bai ƙwace wa ma'aikata wannan 'yancin ba. Dokar hulɗar ma'aikata ta 1990 tana nan, ƙungiya za ta yi ƙuri'ar sirri tsakanin mambobinta, in rinjaye ya amince ta ba banki sanarwar aƙalla mako guda, in ta cika waɗannan da wuya kotu ta dakatar da ita. Ƙungiyarsu IBOA, wadda yanzu ake kira FSU, ta san wannan hanya sarai, a 1970 ma'aikatan banki sun taɓa yin rikicin da ya rufe bankuna fiye da wata shida har mutane suka koma canjin cek a shaguna da mashaya. Sai dai bayan 2008 matsalar ba doka ba ce, jama'a ce. Wane talaka ne zai tausaya wa ma'aikacin banki alhali shi talakan an ƙara masa haraji an rage masa albashi don a ceto bankin? Shi ya sa yawancin takaddamar a teburin sulhu da kotun ma'aikata ta ƙare.

A ƙarshen 2022 ministan kuɗi Paschal Donohoe ya sassauta, aka yarda a biya bonas har zuwa yuro 20,000, aka kuma cire wa Bank of Ireland iyakar 500,000 ɗin saboda gwamnati ta sayar da ragowar hannun jarinta a cikinsa. Harajin kashi 89 dai ba a taɓa shi ba a lokacin. AIB ma sai a 2025 gwamnati ta gama sayar da nata kason, sannan aka ɗage masa iyakar albashin.