Malam-buɗe-littafi

Malam-buɗe-littafi ƙwaro ne mai ƙafa shida da fukafukai huɗu, wanda ke yawo da rana yana bin furanni. Ana samunsa a kowace nahiya ban da Antaktika, kuma nau'o'insa da masana suka tantance sun kai wajen 18,000. Danginsa na kusa shi ne faɗa-wuta, mai fitowa da dare, wanda ya ninka shi yawan nau'i nesa ba kusa ba. Malam-buɗe-littafi mafi girma yana ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda faɗin fukafukan macen ke kaiwa santimita 25 ko fiye.

Asalin sunan

Sunan Hausa jimla ce sukutum, irin ta umarni ko roƙo, kamar yadda aka gina bar-ni-da-mugu da a-ci-balbal. Wasu ma kan tsawaita shi su ce malam-buɗe-mana-littafi. Duk wanda ya tsaya ya kalli ƙwaron a kan fure zai gane dalili. Yakan sauka ya haɗe fukafukansa a tsaye bisa gadon bayansa, can sai ya ware su a hankali, ya sake rufewa, tamkar mai buɗa littafi yana neman shafi. Zanen da ke jikinsu kuwa, ɗigo-ɗigo da layi-layi, dama da hagu iri ɗaya, ya yi kama da rubutu da zayyana.

Sunan ya kama ɗaya daga cikin abubuwan da masana ke dubawa wajen raba shi da faɗa-wuta. Galibin faɗa-wuta in sun sauka shimfiɗa fukafukai suke yi, ko su kifa su kamar jinka, amma malam-buɗe-littafi rufewa yake yi a tsaye. Buɗewar ma ba ado ba ce: jikinsa ba ya riƙe ɗumi da kansa, don haka sai ya sha hantsi, naman ƙirjinsa ya yi zafi, kafin ya iya tashi.

Kowace al'umma da abin da idonta ya fara kamawa. Sunan Ingilishi, butterfly, haɗin kalmar man shanu ne da ta ƙwaro mai tashi, kuma ya haura shekara dubu a harshen. Bayani biyu ne suka fi yawo a kansa: ko dai saboda wani nau'i rawaya mai launin man shanu da ke fitowa da wuri bayan sanyi a Turai, ko kuma saboda tsohon camfin cewa ƙwaron na satar madara da mai. Bayani na biyun yana da ɗan'uwa a Jamusanci, domin sunan Schmetterling ya fito ne daga wata kalmar da ke nufin maiƙon da ke tasowa a saman madara. Rumawa sun kira shi papilio, wanda ya zama papillon a Faransanci, kuma daga tushen nan ne aka sami wata kalmar Faransanci mai nufin tanti, saboda yadda ƙyallensa ke bazuwa kamar fiffike. A Larabci farasha ta haɗe shi da faɗa-wuta. Jam'inta ya zo a aya ta 4 ta Suratul Ƙari'a, inda aka kwatanta mutane a ranar ƙiyama da waɗannan ƙwari a warwatse.

Sunan kimiyya na rukunin da ya haɗa shi da faɗa-wuta, Lepidoptera, masanin Siwidin Carl Linnaeus ne ya raɗa shi a ƙarni na 18, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin ɓawo da fiffike. Garin nan da ke maƙalewa a yatsa idan an kama ƙwaron, shi ne ɓawon: ƙanana ne ƙwarai, jere bisa juna kamar na kifi, kuma su ke ɗauke da launin. Wanda ya goge ba ya sake tsirowa.

Rayuwarsa

Matakai huɗu yake bi. Macen takan ɗanɗana ganye da ƙafafunta, don a nan gaɓoɓin ɗanɗanonta suke, sannan ta saka ƙwai a kan tsiron da 'ya'yanta za su iya ci. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, wadda ba ta da aiki sai ci da saɓa. Idan ta ƙoshi da girma sai ta rataye kanta, ta yi saɓar ƙarshe, ta zama wani ɗan ƙunshi mai taurin baya wanda ba ya ci, ba ya tafiya. A cikinsa yawancin naman tsutsar ke narkewa, wasu ƙwayoyin halitta da ke ɓoye tun tana ƙarama su gina fukafukai da idanu da ƙafafu. Malam-buɗe-littafin yana fitowa daga ƙunshin a jiƙe, fukafukan a cukurkuɗe, sai ya tura ruwan jikinsa cikin jijiyoyinsu har su miƙe su bushe. Bakinsa bututu ne siriri, nannaɗe kamar gammo, yana warware shi ya zuƙi zaƙin fure. Yawancin nau'o'i makonni kaɗan suke yi bayan wannan.

Cikin waɗanda suka fara bin wannan sauyi daki-daki har da Maria Sibylla Merian, mai zane haifaffiyar Frankfurt a 1647, wadda ta tafi ƙasar Suriname da ke Kudancin Amurka a 1699 ta zana tsutsotsi tare da ganyen da suke ci, a zamanin da mutane da yawa ke ɗauka daga laka ƙwari ke fitowa.

Ma'anarsa ga mutane

Kusan duk ma'anar da ake jingina masa daga wannan rataya da fitowar ta samo asali. Tsofaffin Girkawa kalma ɗaya suke amfani da ita, psyche, ga rai da kuma wannan ƙwaro, kuma masu zanensu kan siffanta rai da mace mai fukafukansa. Masu zanen Kirista a Turai sun mayar da shi alamar tashi bayan mutuwa. A Sin, malamin falsafa Zhuangzi na ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa ya ba da labarin mafarkin da ya yi ya zama malam-buɗe-littafi, da ya farka sai ya rasa ko shi ne ya yi mafarkin ƙwaron, ko ƙwaron ne ke mafarkinsa.

A yau ma'anar ta fi zama ta mutum da zuciyarsa. Wanda ya tashi daga doguwar jinya ko ya bar wata muguwar ɗabi'a kan ɗauki hotonsa a matsayin shaidar sabuwar rayuwa. Wanda aka yi wa rasuwa kan ga ya sauka kusa da shi ya ji sanyi a ransa. Jerin fassarar launuka da ake yaɗawa a intanet, wai fari kaza rawaya kaza, ba su da wani tushe guda, kuma suna saɓa wa juna.

Misali mafi ƙarfi yana Meziko. Nau'in da ake kira monak, wanda tsutsarsa ke cin wani tsiro dangin tumfafiya ta tara dafinsa don tsuntsaye su guje ta, yakan taso daga Kanada da Amurka ya yi tafiyar wajen kilomita 4,000 zuwa dazukan duwatsun jihar Michowakan. Isowarsa na dacewa da farkon Nuwamba, lokacin bikin tunawa da mamata, shi ya sa mutanen yankin ke kallonsa a matsayin rayukan magabata da suka kawo ziyara. Masana ba su gano inda yake sauka ba sai a 1975, kuma hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sanya wurin cikin wuraren gado na duniya a 2008. Waɗanda ke isowa kowace shekara ba su taɓa ganin dajin ba: tattaɓa-kunnen waɗanda suka bar shi a watan Maris ne.