Ƙwayar tazarar haihuwa ba ta ƙarar da ƙwan mace

An daɗe ana cewa macen da ta shekara tana shan ƙwayar tazarar haihuwa, ƙwanta sun ƙone. Abin da ke ƙara wa maganar ƙarfi shi ne wata za ta je asibiti neman haihuwa, a yi mata gwajin jini na AMH, wani sinadari da ake aunawa don ƙiyasta yawan ƙwan da ya rage mata, sakamakon ya fito ƙasa, hankalinta ya tashi ta ce shi ke nan, ƙwayar ta cuce ta.

Ba haka ba ne. Ana haihuwar mace da ƙwai miliyan 1 zuwa 2, kuma suna raguwa da shekaru ko ta sha ƙwaya ko ba ta sha ba. Ƙwayar ba ta ƙone su, ba ta kuma adana su. Aikinta shi ne danne sinadaran FSH da LH da ƙwaƙwalwa ke aikowa, sai ƙananan jakunkunan ƙwai su lafa. Jakunkunan nan ne ke fitar da AMH, don haka adadinsa kan sauka, a hoton ciki ma likita ya ƙirga jakunkuna kaɗan. Bayan daina shan ƙwayar, alƙaluman kan farfaɗo cikin 'yan watanni.

Shi ya sa nake roƙon mata: ki faɗa wa likita irin ƙwayar da kike sha da tsawon lokacin, kafin a ɗebi jini. Yana iya maimaita gwajin daga baya. AMH ɗin ma yana nuna yawan ƙwan da za a iya samu a dashen ƙwai ne (wato haɗa ƙwai da maniyyi a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa), ba ingancinsu ba. Inganci ya fi dogara da shekarunki.