Tomahok

Tomahok ƙaramin gatari ne na hannu ɗaya da aka san 'yan asalin Amurka ta Arewa da shi, daga baya kuma mafarauta da 'yan kasuwar fata da sojoji Turawa suka ɗauka. Ƙotarsa miƙaƙƙiya ce, tsawonta yakan kama daga santimita 35 zuwa 55, kansa kuma ba kasafai yake wuce rabin kilo da yawa ba. Ana amfani da shi wajen sara da yaƙi da jifa, kuma a yawancin tarihinsa tare da wuƙa ake ɗaure shi a ƙugu.

Asali da tarihi

Sunan ya fito daga harsunan Algonkiyan na 'yan asalin yankin Bajiniya, a gabashin Amurka ta yau. Turawan Ingila da suka kafa garin Jamestown a 1607 ne suka fara rubuta shi, kuma yana cikin jerin kalmomin da John Smith, ɗaya daga cikin shugabanninsu, ya buga wajejen 1612. Kafin zuwan Turawa da dutse ake yin kan, ko da ƙahon dabba, a ɗaure shi a jikin itace da jijiya ko ɗanyar fata.

Ciniki ne ya kawo na ƙarfe. Faransawa da Ingilawa da mutanen Holan sun riƙa jibgo ƙananan gatura a jiragen ruwa suna musayarsu da fatun biba, wata dabbar ruwa da ake yin huluna da gashinta a Turai. Kamfanin Hudson's Bay, wanda aka kafa a 1670, ya daɗe yana wannan ciniki. Gaturan farko suna da ɗan nauyi. Sannu a hankali maƙera suka rage musu jiki, domin mai tafiyar ƙasa a kurmi ko mai tuƙa kwalekwale ba ya son kaya mai nauyi. Yadda masu saye suke so, haka maƙera suka bi. Shaida a kan haka ta zo daga tafiyar Lewis da Clark, waɗanda suka jagoranci ayarin binciken yammacin Amurka: a hunturun 1804 zuwa 1805, da suka yi zango kusa da ƙauyukan ƙabilar Mandan a bakin kogin Misuri, maƙerinsu John Shields ya riƙa ƙera gaturan yaƙi irin fasalin da mutanen wurin suka nema, su kuma suna biya da masara, wadda ta taimaka wajen ciyar da ayarin har sanyi ya wuce.

Nau'in da ya fi shahara shi ne mai lofe, wanda ake jin ya ɓullo a farkon ƙarni na 18. A ƙeyar kan akwai ƙoƙon zuba taba, ƙotar kuma a huje take daga wannan baki zuwa wancan, don haka ana iya zuƙar hayaƙi ta cikinta. Wasu maƙera da guntun bututun bindiga suke yin ƙoƙon. Ƙotar kuwa, akan zaɓi reshe mai laushin ciki, a ƙone tsakiyarsa da waya mai zafi. Irin wannan ya zama kyautar girmamawa da gwamnatocin Turawa, daga baya ta Amurka, suke ba shugabanni a wurin ƙulla yarjejeniya. Akan yi masa ado da azurfa da zane-zane, kuma a kansa ne maƙeran zamanin suka fi nuna gwanintarsu. Akwai kuma mai tsini a ƙeya, da mai baki kamar kan mashi wanda ake dangantawa da Faransawa.

Sojoji ma sun riƙe shi. Dokokin da Robert Rogers, wani hafsan rundunar Ingila a Amurka, ya rubuta wa dakarunsa a 1757 sun ce kowane mutum ya fito da bindiga da albarushi da ɗan gatari. Bayan ƙarni biyu, daga 1966, Peter LaGana ya ƙera wani samfuri da sojojin Amurka suka saya suka tafi da shi yaƙin Biyetnam.

Yadda ake ƙera shi

A tsohuwar hanya, maƙeri yakan samu sillen baƙin ƙarfe mai faɗi, ya gasa shi ya yi ja, ya lanƙwasa shi a jikin wani sandan ƙarfe mai siffar ƙota. Wannan lanƙwasar ce take zama idon gatarin. Tsakanin leɓɓan biyu da suka haɗu sai ya cusa ɗan yankin ƙarfe mai tauri, ya barbaɗa yashi ko garin boras, ya mayar cikin wuta ana zuga har ƙarfen ya kusa fari yana tartsatsi, ya ɗora a uwar maƙera ya buga da sauri har ukun su zama ɗaya. Dalilin wannan wahala shi ne tsadar ƙarfe mai tauri a lokacin, shi ya sa baki kaɗai ake sa wa. Daga nan a buɗa bakin da masaba, a goge da magagari, a tsoma shi da zafinsa cikin mai ko ruwa ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa ɓarewa.

Idon ya fi faɗi ta sama. Ana zura ƙotar daga sama, siririn gefen ya fara shiga, har kaurin ƙarshenta ya cije a cikin idon, kamar yadda ake sa ƙotar diga. Duk saran da aka yi ƙara matse shi yake yi. In ƙota ta karye a daji, mutum ya sassaƙa wata da wuƙarsa ya zura, ba ya neman kusa. An fi son itacen hikori saboda jurewarsa.

Maƙeran yau sukan yi shi da tsohuwar guduma ko sifirin mota ko kusar layin dogo.

Gyaran na kanti

Kamfanoni irin su Cold Steel suna sayar da masu araha, kuma da yawa cikin masu sayensu ba sa barinsu yadda suka zo. Sukan kankare baƙin fentin kan, su cire ɗan sukurun da ke riƙe shi, su goge cikin idon don ya daina cin ƙota. Ita kuma ƙotar a bi ta da samfefa, a ɗan babbaka ta, a shafa mata man linsid. Wasu sukan jiƙa kan a binega ya yi duhu, wanda yake ɗan rage tsatsa. Bakin yakan zo da kauri, sai an wasa shi sosai, sannan a ɗinka masa kube na fata.

Haɗa shi da wuƙa

'Yan farautar tsaunukan Roki, waɗanda suke taron ciniki kowace shekara daga 1825 zuwa 1840, wuƙaƙen mahauta suke ɗaurawa, akasari ƙirar Sheffield ta Ingila, daga baya kuma ƙirar Green River ta John Russell. Wuƙaƙe ne marasa kauri, kuma da dalili: tunda gatari na nan don sara da fasa ƙashi da kafa turaku, wuƙa ba ta da aiki sai fiɗa da yanka da sassaƙa. George Washington Sears, wanda aka fi sani da Nessmuk, ya bayar da shawara a 1884 cewa mai shiga daji ya riƙe abu uku, ɗan gatari mai baki biyu da wuƙar ƙugu da ƙaramar wuƙa mai naɗewa, kuma har yau ana bin wannan tsari. Ɗaukar ƙatuwar wuƙa tare da tomahok maimaita aiki ne kawai da ƙarin nauyi. In aka zare kan daga ƙota, ana iya riƙe shi a tafin hannu a kankare fata da shi.

Wajen faskare tomahok ba ya kai babban gatari, saboda sirantarsa takan sa ya maƙale a itace.

Jifa da taƙaddama

Ana gasar jifansa a tarukan masu raya al'adun da. Daga kimanin taki biyar ko shida yakan juya sau ɗaya kafin ya kafe a kututture. Ƙungiyoyin 'yan asalin Amurka da dama suna adawa da yadda fina-finai da magoya bayan wasu kulob na wasanni suke amfani da shi a matsayin alamarsu, suna cewa hakan yana nuna su a matsayin mayaƙa kawai.