Kunne ma yana tuƙa keke

An daɗe ana cewa wai sa iyafis a kan keke ba komai bane tunda ido ke tuƙi. To ido gabanka kawai yake gani, yawancin kekunanmu kuma ko madubi babu, abin da ke tahowa ta baya, mota ko ɗan acaba, kunne ke fara sanar da kai, kiɗa kuwa yana danne hon kuma yana ɗauke hankali. A Faransa ma an haramta sa iyafis a kan keke tun 2015.

Gwada da kanka, ka tsaya a fili ka sa iyafis ka kunna waƙa, wani ya kaɗa ƙararrawa ta bayanka daga nesa, sannan ka cire a maimaita.

Don Allah a tura wa masu keke.