Koya wa yaran JSS haraji ta hanyar kodin (rubuta wa kwamfuta shiri): tambayoyi da amsoshi

Wai me ya haɗa haraji da kodin kuma?

Ai dokar haraji gaba ɗayanta "in kuɗi ya kai kaza, a cire kaza" ce, kuma irin wannan umarnin shi ne abincin kwamfuta. Ɗan JSS 2 in ka ce masa kashi 7.5 cikin ɗari sai ya zuba maka ido kawai, amma ka sa shi ya rubuta ɗan shirin da zai tambayi farashin kaya ya fitar da VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kaya, kafin ka juya ya fara saka kuɗin takalminsa da na keken yayansa yana leƙen na abokinsa.

Da wace manhaja za a fara?

Scratch. Jami'ar MIT ta Amurka ce ta fitar da ita a 2007, kyauta ce, jawo tubalan umarni ake ana jerawa ba sai yaro ya iya buga rubutu ba. In hannu ya faɗa sai a koma Python, yaren kwamfuta da ake buga umarninsa da rubutu.

To wane aiki za a ba su na farko?

Rasit ɗin kanti. VAT a Najeriya kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, da can kashi 5 ne. Kaya na naira 2,000 a ninka da 0.075 ya ba da 150, jimilla 2,150. Sai ka juya musu shi, ka ce ga 2,150 har da VAT a ciki, nawa ne harajin? Mafi yawansu za su sake cire kashi 7.5 su samu 161.25, su yi ta musu wai kwamfutar ce ta yi kuskure, alhali rabawa za a yi da 1.075 a dawo 2,000. Ka bar su su sha wahala kaɗan kafin ka faɗa musu.

Harajin albashi fa, bai yi musu nauyi ba?

Ni a ganina nan ma daɗin yake. A dokar harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 ta fara aiki Janairun 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba haraji a kai, miliyan 2.2 da ke biye kashi 15, a haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50, bayan an cire su fansho ke nan. Yaro zai rubuta if ɗinsa, wato umarnin "in kaza ya faru, a yi kaza", ya ce in kuɗi ya wuce 800,000 a cire kashi 15 na duka, sai mai miliyan ɗaya ya biya 150,000. Ba haka ba ne, rarar 200,000 ɗin kawai ake taɓawa, wato 30,000. Ka ce ya gwada 800,000 sannan 810,000, da kansa zai ga shirinsa ya sa mai ƙarin dubu goma ya koma gida da ƙasa da ɗan'uwansa, daidai ɗin kuwa 1,500 ne kacal. Wallahi akwai manya masu albashi da har yau suke tsoron ƙarin girma saboda wannan ruɗanin.

In wani ya ce ai kamar zakka ne, ka nuna masa bambancin, ita zakkar kuɗi in dukiya ta kai nisabi ta shekara, ɗaya bisa arba'in ake fitarwa daga dukkanta, ba rarar kawai ba. If ɗin nasu ba iri ɗaya ba ne.

In makaranta ba kwamfuta, ko an ɗauke wuta?

Allo da alli. Yaro ɗaya ya zama kwamfuta, ba ya yin komai sai abin da aka rubuta masa, sauran su riƙa miƙo masa farashi a takarda. In an manta wani mataki ya tsaya cak, ajin ya nemo inda aka yi tsallake. Wayar Android ɗin malam ma ta isa, a sa mata Pydroid, manhajar rubuta Python a waya, a gwada amsar a ƙarshen darasi.