Idan yaro ya ji rauni a filin ƙwallo, me ya kamata a yi?

Yawancin yaranmu a fili mai tsakuwa suke buga ƙwallo, babu likita, sai koci da 'yan kallo. Sau da yawa abin da aka yi bayan faɗuwar ya fi faɗuwar ɓarna, musamman in aka ce masa: "Tashi mana, ai kai namiji ne!"

Raunin yaro da na babba ba ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne. A bakin dogayen ƙasusuwan yaro, dab da gaɓa, akwai guringuntsin da ƙashi yake ƙara tsawo ta wurinsa. Ba ya gama ƙwari sai wajen shekara 13 zuwa 15 ga 'yan mata, 15 zuwa 17 ga samari. Faɗuwar da za ta bar babba da targaɗe, shi yaro tana iya tsaga masa wannan wurin. In ya warke a karkace, ƙafar na iya lanƙwashewa ko ta gajarce.

Ya yi targaɗe a idon sawu, da me za a fara?

A fitar da shi daga fili. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba da ƙarfi ba, a ɗaga ƙafar a kan matashi. Kada a ja ƙafar, kada a murza ta da man zafi, kada a gasa ta da ruwan zafi a kwana biyun farko, domin kumburin zai ƙaru. Idan ya kasa yin taku huɗu, ko ya zabura da an danna kan ƙashin, a je a yi hoto.

To, mai ɗori fa?

Mutane sun yarda da masu ɗori, suna kusa, ga sauƙin kuɗi. Amma hannu ba ya ganin abin da hoto yake gani. Babban haɗarin shi ne ɗaurin karare da ya matse: gaɓa tana kumbura a ƙarƙashinsa, jini ya kasa wucewa, yatsu su yi sanyi, su fara baƙi, yaro ya kwana yana ihu ana cewa ɗorin ne yake kamawa. Ta haka ake kai wa ga yanke hannu ko ƙafa. Da an ga wannan, a kwance nan take a nufi asibiti. Ni a ganina, karayar yaro hoto tukuna, kuma irin wannan aikin aka kafa Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano dominsa.

Sun gwabza kai, amma ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau. A mayar da shi?

Ko kusa. Ƙwaƙwalwa tana girgiza ko mutum bai suma ba. A tambaye shi inda yake da wanda ya ci ƙwallon ƙarshe. Jiri, ciwon kai, gani dishi-dishi ko ruɗewa, ko ɗaya aka gani ya gama wasan ranar. In amai ya biyo baya, ko barci mai nauyi, ko farfaɗiya, sai asibiti. Tun 2015 hukumar ƙwallon ƙafa ta Amurka ta hana yara 'yan shekara 10 zuwa ƙasa buga ƙwallo da kai.

In ya yanke jiki ya faɗi ba wanda ya taɓa shi fa?

A ɗauka zuciya ce ta tsaya. Haka Samuel Okwaraji na Najeriya ya faɗi a Legas a 1989 ana wasa da Angola, haka Marc-Vivien Foé na Kamaru a Faransa a 2003, kuma duka biyun sun rasu. Christian Eriksen na Denmark ya rayu a 2021 saboda an fara danna masa ƙirji nan take, aka kuma sa masa na'urar farfaɗo da zuciya. Idan ba ya amsawa kuma ba ya numfashi daidai, kada a tsaya yayyafa ruwa ko cusa cokali a baki. A ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji a danna da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, wani kuma ya nemo mota.

A ba shi ƙwayar kashe zafi ya ƙarasa wasan?

A'a. Zafi shi ne yake hana yaro taka ƙafar da ta tsage, in aka kashe zafin tsagewar sai ta zama karaya. Tiramol kuwa yana kama mutum, kuma tun Janairun 2024 hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya ta haramta shi lokacin gasa.